Rijiyar da Baba Bai Cike Ba

A garinmu kowa ya san ni da baki. Shekara goma sha tara ke nan ina koyarwa a firamaren da ke bayan kasuwa, kuma da wuya a yi taron iyaye da malamai a tashi ban wanke wani tas ba. Mijina yakan ce idan ana neman wanda zai faɗa wa hedimasta gaskiya ido da ido, a turo ni a huta. Ban musa ba. Amma akwai magana guda da na haɗiye tun ina 'yar shekara takwas, na girma da ita, na yi aure da ita, na haifi 'ya'ya biyar tana cikina, ko shi mijin nawa bai taɓa jin ta ba. Aikin gyaran titi ne ya zo ya tono ta.

Gidan mahaifina yana tsakiyar gari, a kan hanyar da ta taso daga masallacin Juma'a ta zarce kasuwa. Da can akwai rijiya a ƙofar gidan, taku shida daga bakin soro, mai zurfin gaba goma sha biyu. Kakana ne ya haƙa ta sadaka, kuma rabin unguwar ita suka sha suka girma. Da ciwon ajali ya kama shi ya kira Baba, bai yi masa maganar gona ba, bai yi ta gida ba, rijiyar kawai ya ambata, ya ce kada ya bari ta mutu. Baba ya ce masa to.

Da aka kawo famfo unguwar sai mutane suka juya wa rijiyar baya. Bakinta ya fara zaizayewa. Akuya ta faɗa aka ciro ta matacciya, sannan wata rana aka cafko ɗan maƙwabta ta ƙafa yana leƙe, saura ƙiris ya tafi. Mai unguwa na lokacin ya zo da kansa ya ce a cike ta, har ya sa aka kawo ƙasa a amalanke aka jibge. Baba malami ne, shi ke jan sallah a masallacin unguwa, ba mutumin da zai yi jayayya da shugaba a bainar jama'a ba ne. Shi ma ya ce masa to.

Sai ya kewaye wurin da zana, wai don kada yara su matso, suka shiga shi da ƙanensa, Baffana. Ranar kasuwar Zakirai ce, maza duk sun tafi, garin ya yi shiru. Innata ta aike ni in kai musu fura, na kutsa ta gefen zanan ba sallama, kamar yadda na saba yin komai. Na tarar ba cike rijiyar suke yi ba. Sun jera azarar giginya a bakinta, irin ta rufin ɗaki, sun gitta wasu a kai, ta tsakaninsu ina hango baƙin rami, sanyi yana hurowa daga ciki. A kan azarar suka shimfiɗa zana da duwatsu, suka bi da ƙasa suka daɓe. Sauran ƙasar suka riƙa shigar da ita gida a kwando, aka yi yaɓen katanga da ita, Inna ta ɗauka ragowa ce.

Baba ya tsuguna a gabana har idonsa ya yi daidai da nawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. "Uwata," ya ce, "abin da kika gani ya tsaya tsakanina da ke. Ajiye ta muka yi, ba kashe ta muka yi ba. Wata rana za a buɗe." Na gyaɗa kai ina ta jin daɗi an ba ni sirrin manya. Washegari ya sa aka gangaro da wani ƙaton gungumen ɗorawa aka aza a wurin. Tsofaffi suka mayar da shi wajen hira, jaki ko amalanke ko babur duk sai sun kauce masa. Baffa ya rasu. Mai unguwar ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Inna ta rasu tana ganin an cike rijiyar. Muka rage mu biyu, ni da Baba, kuma ba mu sake ambatar ta ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi idan na tuna shi ne, da bakina na jawo aikin. Titunan tsakiyar garin sun daɗe da mutuwa. Kwaltar da aka zuba tun muna yara ta farfashe ta zama ramuka, kwalbatin bakin kasuwa ya rufta, lambatun da ke gefen hanya ya cushe da leda da yashi. Da damina ta sauka sai ruwa ya rasa hanya ya shiga shagunan masu hatsi, ɗalibaina su zo aji da taɓo har gwiwa. Ni ce na tara mata muka je sakatariya, ni ce na yi ta ɗaga murya har wani ma'aikaci ya ce don Allah Malama a sassauta. Ranar da aka ce an ba da aikin har guɗa na rangaɗa a tsakar gida. Wallahi ko sau ɗaya rijiyar ba ta faɗo mini a rai ba.

Bayan an gama girbin gero da dawa ma'aikatan suka iso. Suka fara da awo, suna kafa turaku suna shafa jan fenti a jikin katangu. Za a faɗaɗa hanyar, a yi sabon lambatu hagu da dama. Na taso daga makaranta na biyo ta gida in gaida Baba, sai na ga turke a jikin dakalinmu, na juya na ga leburori sun gangarar da gungumen zuwa bayan masallaci. Inda yake ya fito fili, ƙasar wurin ta fi ta kewaye duhu, kuma a cikin titi take, daidai inda tayar mota za ta riƙa bi. Nan take rijiyar ta faɗo mini a rai.

Na iske Baba a soro yana duba littafi. Ya haura tamanin, amma idonsa da hankalinsa garau. Na zauna a ƙasa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, ni da ban iya kewaye ba. Daga ƙarshe na ce an ɗauke gungumen. Ya ce ya gani. Na ce motocin nan da ke tahowa ba amalanke ba ne, kowacce ta fi ɗakin nan nauyi, ya kamata a gaya wa masu aikin. Ya ce azarar giginya ba ta ruɓewa, gara ba ta iya ta, ga rufin soron nan da muke ciki ya girme shi. Na ce ta soro a bushe take, waccan kuwa shekara talatin da biyar tana binne a kan ruwa. Ya ce idan aka faɗa cike ta za su yi, a zuba mata duwatsu a shafe da kwalta, shi kuma ya je ya ce wa mahaifinsa me? Na ce Baba, ai rijiyar da ba wanda ke sha ba ta kai wa kowa lada. Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, kuma na ga ta shige shi. Ya rufe littafin. Ya ce ba a kaina aka bar wasiyya ba. Sannan murya ƙasa-ƙasa ya ce shi da yake gaban sahu shekara arba'in, so nake ya fita ya gaya wa gari ya yi wa mai unguwa ƙarya? Ya ce in tashi in tafi gidana, ya san abin da zai yi.

Abin da ya yi kuwa, da gari ya waye ya ɗauko buzunsa da buta da carbi, ya fita ya shimfiɗa a daidai bakin rijiyar ya zauna. A tunaninsa ya raba gardama. Muddin yana zaune a wurin ba motar da za ta hau, ba wanda zai faɗa, ba kuma wanda zai sani. Ni kuwa da na zo na gan shi sai na ga abin ya fi da muni. Gungumen dogo ne, kansa da gindinsa a kan ƙasa mai ƙarfi suke. Baba a tsakiyar ramin yake, ba komai tsakaninsa da ruwa sai ƙasa kamu biyu da itacen da ba wanda ya san halin da yake ciki.

Aikin daga kasuwa ya faro, kullum yana matsowa wajenmu. Katafila ta ture rumfunan da suka shigo hanya, gireda ta bi tana kankare tsohuwar kwalta, tifa-tifa suna juye burji. Shugaban ma'aikatan, wanda suke ce wa foman, wani dogon mutum ne mai haƙuri, baƙo, Hausarsa tana ɗan karyewa. Ya zo ya durƙusa ya roƙi Baba ya matsa. Baba ya amsa gaisuwa ya ci gaba da jan carbi. Mai unguwa ya zo, limamin Juma'a ya zo. Da suka gaji sai foman ya ce wa mai gireda ya kewaye shi. Haka aka kankare titin gaba da baya, aka bar Baba a kan ɗan tudu kamar faifai. In ban da lokacin sallah, ba ya tashi sai sun kashe injunansu da yamma.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce diyyar dakali yake nema, wasu suka ce tsufa ne ya taɓa kan. Ƙanena da ke aiki a Kano ya bugo waya yana cewa a kai shi asibiti. A wurin injin markaɗe na ji wata mata tana cewa Malam ya fara ruɗewa, Allah ya sa mu gama lafiya. Na sauke mata kwandon masifa har sai da aka riƙe ni. Na dawo gida, na kuwa san ba laifinta ba ne. In na buɗe baki zan wanke shi daga hauka, amma zan mayar da shi maƙaryaci a gaban mutanen da suka shekara arba'in suna bin sa sallah.

Kwana tara ya yi a wurin. Tsoron da na ji a kwanakin nan ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar haihuwata ta fari. Ina tsaye a gaban allo, da na ji rugugin mota daga nesa sai alli ya suɓuce mini, yara su yi ta kallona. Abinci ya ƙi shiga. Mijina ya tambaye ni har ya gaji, ina ce masa ciwon kai ne. Kullum da an fita hutun tara sai in ruga in tsaya a bakin soro, ina kallon tifa-tifan da ke wucewa kamu uku daga gwiwar Baba. Kowacce ta wuce sai in ga ƙura ta tashi daga gefen buzun, in ce shi ke nan. Tun rasuwar Inna daga gidana ake kai masa abinci. Idan na kai ba na taka tudun, daga gefe nake miƙa kwanon da tsawon hannu. Ya san dalili, yakan karɓa ba tare da ya dube ni ba.

Sau biyu ina zuwa wurin foman da niyyar faɗa. Na farko na ɓige da tambayarsa yaushe za su gama. Na biyu na tambaye shi ko ba za a iya karkatar da titin kaɗan ba, ya buɗe wata doguwar takarda ya nuna mini layi, ya ce ba shi ya zana ba. Sannan ya ce kada in damu, ba za su taɓa tsoho ba, sun yanke shawara idan ya tashi zuwa sallar Azahar sai su yi sauri su daɓe wurin kafin ya dawo. Mai tuƙa motar daɓen wani dattijo ne mai furfura a gemu, a soronmu yake alwala, kullum sai ya tambaye ni yara. Na koma na gaya wa Baba abin da suka shirya, ina fatan ya ce to, a faɗa musu. Sai kawai ya daina zuwa masallaci da rana, yana Azahar da La'asar a kan buzun, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi jam'i ba. Ashe ƙara ɗaure shi na yi a wurin.

Rana ta goma, Laraba, motar daɓen ta iso layinmu. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da ita ba ba zai gane ba. Ba nauyin kaɗai ba ne, girgiza take, ƙaton ƙarfen gabanta yana dukan ƙasa har ka ji abin a haƙoranka. Tun daga makaranta na ji ta, tagogin aji suna kaɗawa. Ban jira tara ba, ban nemi izini ba, na bar yara da rubutu rabi a allo na fita. Takalmina ɗaya ya tsinke a hanya na bar shi a nan.

Na iske mutane sun yi cirko-cirko a gefe suna kallo. Motar tana zuwa tana dawowa, kowane zuwa tana ƙara matsowa tudun. Yaɓen soronmu yana zubowa. Baba yana zaune ya miƙe baya, leɓɓansa suna motsi. Butarsa na fara lura da ita. Tana gefensa na dama, ta karkata ba wanda ya taɓa ta, ruwa yana ɗiga daga bakinta. Na matso. Daga ƙarƙashin buzun wata tsaga ta fito siririya kamar zare, ta lanƙwasa ta kewaye inda yake zaune, kuma duk sanda motar ta wuce sai in ga yashi yana gangarawa cikinta. Ba ya taruwa, ɓacewa yake.

Na ce Baba ka tashi. Ko ƙarar ce ba ta bari ya ji ba, ko kuma ya ji, oho. Motar ta juyo. Ban san lokacin da na faɗa tsakiyar titi na tsaya a gabanta na ɗaga hannu biyu ba, mayafina ya zame, ƙafa ɗaya ba takalmi. Dattijon ya taka burki ya kashe injin. Wuri ya yi tsit har kunnena yana ƙara. Foman ya taho da gudu yana tambayar ko lafiya.

"Rijiya ce a ƙarƙashinsa," na ce. Muryata ba ta fita sosai ba, sai na sake. "Rijiyar kakana ce. Ba a cike ta ba, azara aka sa aka rufe. Da idona na gani."

Mai unguwa yana cikin masu kallo. Ya ce ai mahaifinsa ne ya sa aka cike ta, yana yaro ya ga ƙasar da aka kawo. Ya juya wajen Baba ya ce, "Malam, gaskiya ne?" Baba ya sunkuyar da kai. Kowa ya gane. Na ga mutane suna ja da baya, har da waɗanda suka tsufa suna hira a wurin. Mai motar daɓen ya sauko ya zauna a ƙasa, ya riƙe kansa yana salati.

Amma Baba bai tashi ba. Foman ya hana kowa matsawa, ya ce ƙarin nauyin mutum ɗaya zai iya ƙarasa wurin. Aka yi ta roƙo daga nesa, liman ya yi, mai unguwa ya yi. Wani ya ce a jefa masa igiya. Shi kuwa yana zaune kamar ba da shi ake ba. Na san abin da ke ransa, don ni 'yarsa ce. Asiri ya riga ya tonu, abin da ya rage masa kawai shi ne kada ya tashi da ƙafarsa ya miƙa musu rijiyar. Tsagar nan kuwa ta buɗe har yatsa zai shiga.

Sai haushi ya kama ni a kan tsoron. Na cire ɗaya takalmin na jefar. Na ce, "Baba, tunda ba za ka taso ba, ni zan zo. Mu biyu muka san ta, sai mu tafi mu biyu." Foman ya kai hannu zai riƙe ni, ya tuna matar aure ce ya janye. Na taka tudun. Har na mutu ba zan manta yadda ƙasar ta karɓi ƙafata ba, laushi gare ta kamar katifa, ta ɗan lotsa. Na ji wani abu ya yi ƙas a can ƙasa, kamar an karya kara. Fitsari ya kusa kufce mini, amma na ɗaga ɗaya ƙafar.

"Koma baya!" Ban taɓa jin Baba ya daka tsawa haka ba. Na ce ba zan koma ba sai da shi. Ya dube ni, karo na farko a kwana goma. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe a hankali, ya ja buzunsa, ya kamo hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya fizge ni muka sauko tare. Butar ya bari a can.

Foman ya sa aka kawo dogon rodi. Ya kwanta a kan wani katako daga gefe, ya caka shi kusa da butar. Bai ma danna da ƙarfi ba rodin ya shige, ya suɓuce daga hannunsa ya tafi. Ba wanda ya yi motsi. Na ja numfashi ɗaya, na ja na biyu, sannan daga can ƙasa muka ji tsundum.

Baba yana tsaye kusa da ni, har lokacin bai saki hannuna ba. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Da ruwa." Sai ya sake ni ya shiga gida.

Da motar haƙa ta yaye ƙasar, azarar ta fito baƙa ƙirin, tana marmashewa a hannu kamar jiƙaƙƙen burodi. Biyu ne kawai suka rage da ɗan ƙarfi, ɗayarsu ma da sabuwar karaya a tsakiya. Ita ce na ji. Butar ta bi ƙasar ta faɗa. Na roƙi foman ko za a yi wa rijiyar murfin kankare a bar ta, ya ce a tsakiyar titi ba zai yiwu ba, kuma na san gaskiyarsa. Kwana uku suna zuba duwatsu da burji suna daɓewa. Duk juyen tifa ana jin sa har ɗakin Baba, bai fito ba.

Ranar da ya fito, masallacin unguwa ya nufa. Mijina ne ya ba ni labari. Bayan an sallame Azahar ya miƙe ya ce ya yi wa marigayi mai unguwa ƙarya, ya sa rayukan mutane a haɗari shekara da shekaru, yana neman gafarar Allah da tasu. Ya nemi mai motar daɓen, ya riƙe hannunsa ya roƙe shi daban. Sannan ya ce daga ranar wani ya riƙa jan sallah. An yi ta ba shi baki, ya ƙi. Har yau a sahu na biyu yake tsayawa, can jikin bango.

Titin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kwalta sumul daga masallaci har kasuwa, lambatu mai murfi, ga fitilu masu aiki da hasken rana. Daminar da ta wuce ruwa bai shiga shagon kowa ba, ɗalibaina suna zuwa da ƙafa fes. Mata suna tare ni suna cewa Malama kin ceci rai, sai in ce Allah ne ya kiyaye, in wuce da sauri. Idan na zo ƙofar gidanmu har yanzu ba na taka wurin. Na san an cike shi, da idona na ga an cike, amma ƙafata ba ta yarda ba, sai na kewaya. Idan babbar mota ta bi ta kan wurin ina soro, sai na daina magana har ta wuce.

Baba ya sa an ajiye babbar randa a bakin soro da moɗa a kai, duk mai wucewa ya sha. Matan 'ya'yan Baffa da ke cikin gidan su ne suke cika ta safe da yamma. Sau ɗaya na ɗauko bokiti zan zuba, ya ce in bari, akwai masu yi. Bai taɓa yi mini faɗa a kan abin da ya faru ba, ko da kalma ɗaya. Yana cin abincin da na kawo, yana sa wa 'ya'yana albarka, yana tambayar mijina. Abu ɗaya ne ya canza. Tun daga ranar bai sake ce mini Uwata ba. Malama yake ce mini, kamar yadda mai shago da mai babur suke ce mini.

Abin yana yi mini ciwo, ba zan yi ƙarya ba, wani lokaci sai na tsaya a bayan masallaci na share ido kafin in ƙarasa gida. Mijina ya ce in samu liman ya sa baki. Na ce a'a, a ƙyale shi. Jiya ma na je da rana, na tarar ya kishingiɗa a soro a kan buzun nan, idonsa a rufe. Na yi sallama bai amsa ba, na sake yi bai amsa ba, na matso ina duba ko yana numfashi. Sai ya yi tari, ya buɗe ido, ya ce, "Malama ce?" Na ce ni ce, Baba. Na ajiye masa tuwon, na zauna a ƙasa na jira har ya cinye.